Hannun Nasiru a Bayan Khalifa

Matameye, ranar Lahadi

Zuwa ga yayana Abdulrazak, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa ta addini da ta zumunci, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da duk mutanenmu da ke can. Yaya aiki, yaya kasuwa, yaya kuma ruwan saman garin nan naku da ba ya gajiya da zuba? Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Nasiru, ya kai haske kabarinsa, ya sa can ta fi masa nan. Mu kuma da ya bari, Allah ya ba mu dangana, ya kyautata tamu in ta zo.

Mu nan lafiya lau, gwargwadon yadda gidan rasuwa zai iya zama lafiya. Iya ta fara cin abinci, ko da yake sai an zauna a kanta, kuma ƙafarta ta hagu ta kumbura saboda dogon zaman karɓar gaisuwa. Matarka Kande da yara ƙalau suke. Maman ya shiga aji uku a lakwal, surutunsa ya fi na uwarsa, ka san kuwa wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Gero ya shiga rumbu, na gonar Tsauni ya fi na bara kyau, gyaɗa ce dai ta ba mu kunya. An fara saran rake a fadama, motoci sun cika tasha. Asma'u tana takabarta a ɗakinsu, ta rame ƙwarai amma tana da haƙuri. Ƴarta Ummi ce ke karya mana zuciya, don har yanzu in ta ji ƙararrawar keke a waje sai ta saki abin da ke hannunta ta ruga zaure.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a zamanin da kowa ke da waya a aljihu. Dalilin shi ne, kai ba a kai ƙarshen magana da kai a waya. Duk lokacin da na kira mukan gaisa lafiya, amma da na ambaci sunan Khalifa sai ka ce rezo ba kyau, ba ka jin muryata, ka kashe. Rezon Fatakwal dai bai taɓa lalacewa a kan maganar taki ko ta ɗinkin sallar yara ba. Takarda kuwa ba ta da inda ake dannawa ta yi shiru. In ka yi fushi ka ajiye ta, za ka same ta inda ka bar ta. Na ba direban da ke kai albasa can, na ce ya danƙa wa Ibrahim na masaukinku, shi kuma ya sa ta a hannunka kafin ka hau motar zuwa sadakar arba'in. Don Allah, Yaya, ka karanta har ƙarshe, in ya so ka zage ni daga baya, ba yau ka fara ba.

Ga maganar. Ranar sadakar uku ka aiko da saƙon murya, Kawu Cha'ibu ya kunna a tsakar gida kowa ya ji. Ka rantse da Allah cewa Khalifa ba zai ƙara taka ƙofar gidanmu ba muddin kana numfashi, kuma Sakina kada ta koma ɗakinsa. Tun rasuwar Baba maganarka ce magana a gidan nan, don haka aka bi. Ƙanwarka tana nan a ɗakin Iya da tsohon ciki, kayanta na can ita tana nan, ita ba sakakkiya ba, ita ba mai ɗaki ba. Mijinta kuwa kullum da hantsi sai ya zo ya zauna a gindin dogon yaron da ke tsallaken hanya, inda rumfar gyaran keken Nasiru take, da hannunsa a rataye a wuya saboda karayar kafaɗa. Ya rufe shagon ɗinkinsa. Ba ya magana da kowa, in wani ya fito daga gidanmu sai ya miƙe ya yi masa gaisuwa daga nesa, ya koma ya zauna. Ko inuwar zaurenmu bai taɓa takawa ba, yana girmama rantsuwarka fiye da yadda ni nake girmama ta.

Na san abin da aka gaya maka, na kuma san abin da ka gani. An ce maka Khalifa ne ya ja Nasiru zuwa wannan tafiya, kuma ka ga hoton bidiyon nan da ya zagaye wayoyi, inda yake durƙushe a bakin kwalta yana dukan ƙirjinsa yana cewa shi ya kashe shi. Ni ma na gani, kuma a makon farko ko sunansa ban so ji ba. Amma kai kana can tun kafin a fara wannan harka ta keke sosai, ni kuwa a kan idona aka yi ta, don haka bari in gaya maka yadda take.

Da farko dai, ba Khalifa ne ya ja Nasiru ba. Ka tuna Khalifa lokacin bikin Sakina, tela mai tumbi wanda in ya sunkuya ɗaukar almakashi sai ya yi nishi? Wannan ne zai ja wani zuwa Yamai a kan keke? Likita ne ya ce masa sukari ya fara kama shi, in bai motsa jiki ba zai bi hanyar mahaifinsa. Nasiru ya ji, shi ke nan ya sa shi gaba. Ya harhaɗa masa keke daga tarkacen rumfarsa, ya riƙa zuwa yana buga masa ƙofa bayan sallar asuba, yau su je Kance su dawo, gobe Ɗan Barto. Khalifa ya ɓuya a bayi, ya yi ƙaryar zazzaɓi, ya turo Sakina ta ce ba ya nan alhali takalmansa na bakin ƙofa, duk a banza. Ka san ƙanenka in ya ƙwallafa rai a kan abu. Cikin shekara biyu tumbin ya tafi, sukarin ya sauka, Sakina ta riƙa cewa Nasiru ya sace mata rabin miji amma ya bar mata rabin da ya fi amfani.

Da ƙungiyarsu ta shirya tafiyar nan ta Yamai tare da samarin Damagaram, Khalifa cewa ya yi ba za shi ba, shi bai kai ba, ga kuma matarsa da ciki. A tsakar gidanmu aka yi wannan gardama, ina zaune ina tsince wake. Nasiru ya yi ta yi masa tsiya, ya ce ai raggon namiji ne ke fakewa da cikin matarsa. Sakina ta ce ita dai ba ta yarda ba, in mijinta ya sare a daji wa zai ɗauko mata shi. Sai Nasiru ya dafa ƙirji yana dariya, ya ce ta kwantar da hankalinta, shi zai kai shi, shi zai dawo mata da shi, ko da turi ne. Iya tana nan, Kande tana nan, in kana shakka ka tambayi matarka. Ranar tafiya muka raka su har bakin tasha da safe, sun yi shiga irin tasu mai kama jiki, wadda Iya ke cewa tsirara ce mai launi. Nasiru ya ɗaga Ummi ya ɗora ta a kan sirdi, ya sauke ta, ya ce wa Iya ta yi musu addu'a. Wannan shi ne ganinmu da shi na ƙarshe.

Yanzu sai in bayyana maka yadda suke tafiya, don ni ma sai da aka yi mini bayani na fahimta. In hanya mai nisa ce jeri suke yi, ɗaya a bayan ɗaya, taya kusa da taya. Na gaba shi ke shan iska, sauran su fake a bayansa, in ya gaji ya koma ƙarshe wani ya karɓa. Na cikin jeri ba ya ganin hanya, bayan ɗan'uwansa kawai yake gani. Saboda haka in na gaba ya hango rami ko jaki ko amalanke, sai ya nuna da hannu, na biye da shi ma ya nuna, har alamar ta isa ga na ƙarshe. Wanda jeri ya tsere masa kuwa ba shi da mai tare masa iska, ba shi da mai nuna masa hanya. Shi ya sa suke da doka cewa ba a barin mutum shi kaɗai a baya. Mai ƙarfi ne ke komawa ya jera da shi, ya sa masa hannu ɗaya a gadon baya yana tura shi har su cim ma sauran. Abokansa sun ce Nasiru ne ya kafa musu wannan dokar, kuma kusan kullum shi ke komawa, don ba wanda ya kai shi ƙarfin ƙafa.

Sun kwana Tasawa lafiya. Washegari, bayan sun wuce Gazawa, rana ta yi zafi, jijiyar ƙafar Khalifa ta ɗaure, jeri ya bar shi. Ya ce wa mai babur ɗin da ke bin su da ruwa ya ɗauke shi, ya haƙura. Nasiru ya juyo ya ce ba inda za shi, ya sallami mai babur ya ce ya bi sauran, shi zai kawo shi. Ya jera da shi ta ɓangaren tsakiyar hanya, Khalifa na gefe, ya sa masa hannun dama a baya, hannun hagu a kan kan keke. Haka suka hau wani tudu. A gangaren tudun akwai wani ƙaramin ƙauye, kuma wani dattijo mai suna Malam Shekara ya yi shanyar wake a gefen kwalta, ya jera duwatsu ya kewaye ta don kada motoci su taka. Ƴan gaba sun ga shanyar, sun nuna wa juna da hannu, sun kauce sun wuce. Su biyun nan ba wanda ya rage ya nuna musu. Khalifa kansa a sunkuye yake don gajiya. A daidai lokacin kuma wani kamyo, babbar motar kaya, ya taho daga Maraɗi, ya ci tsakiyar hanya yana kauce wa rami.

Wannan ba daga bakin Khalifa na ji ba, don shi har yau bai iya ba da labarin ba. Daga bakin Malam Shekara na ji, wanda yake zaune a kan tabarma yana korar awaki daga wakensa, abin ya faru a gabansa. Ya ce ya miƙe yana ɗaga hannu yana ihu, na tsakiyar ya ɗago kai ya gani. Ya ce da yaron ya janye hannunsa ya kama birki da hannu biyu, da shi ya tsira, amma da abokinsa ya daki duwatsun ya faɗa gaban motar. Bai janye ba. Sai ya ingiza abokin nasa da ƙarfi zuwa dama, ya faɗa cikin rairayi, shi kuma ƙarfin turin ya karkatar da shi hagu, tayarsa ta hau waken da ya watsu ta zame. Kaske, hular kwanon nan, na kansa, amma ya rabe biyu. Khalifa ya rarrafo da karyayyar kafaɗa ya ɗora kansa a cinyarsa, yana laƙƙana masa kalmar shahada. Dattijon ya rantse mana ya ga leɓɓansa suna bi. Bayan rai ya yi halinsa ne Khalifa ya fita hayyacinsa, wani kuma ya ga ba abin da ya dace da shi sai ya zaro waya ya ɗauka. Allah ya shirye shi. Abin da ka gani ke nan, Yaya, mutumin da amininsa ya mutu a cinyarsa. In ana kama mutum da abin da ya faɗa a irin wannan lokaci, da Iya ma an kama ta, don ita ma ranar cewa ta yi ita ta kashe shi tunda ba ta hana shi tafiya ba.

Ka san Kawu ne ya ba da izini a rufe shi a can, bayan jandarmomi sun gama aikinsu, saboda zafi da nisa. Abin da ba ka sani ba shi ne yadda mutanen ƙauyen nan suka yi mana. Ba su san shi ba, ba su san mu ba, amma maza suka bar gonakinsu suka yi haƙa, mata suka ɗora ruwa. Da aka zo neman likkafani, Malam Shekara ya shiga ɗaki ya buɗe akwatinsa ya fito da nasa na kansa, wanda wansa ya zo masa da shi daga Makka an jiƙa shi da zamzam, ya daɗe yana ajiye da shi yana jiran ranarsa. Da shi aka suturta ƙanenka. Da aka zo salla kuma, abokan tafiyarsa suka tsaya gefe suna jin kunyar shiga sahu da gajerun wandunan nan nasu. Sai mutanen gari suka shiga gidajensu suka fito da riguna da wanduna, kowa ya ba wanda ya ga tsayinsu ya zo ɗaya. Da kayan aro suka yi masa salla, suka ɗauke shi a kafaɗa. Ba wanda ya ƙarasa Yamai, daga nan kowa ya juyo.

Bayan sadakar bakwai muka je ƙauyen, ni da Iya da Kawu. Iya ta tsaya daga nesa kamar yadda ya kamata, Kawu ya nuna mata wurin, a gindin wata aduwa. Ta daɗe tana kallo. Malam Shekara ya zo ya durƙusa a gabanta, tsoho mai furfura har a gira, yana kuka yana cewa wakensa ne sanadi, ta yafe masa. Iya ta ce ya tashi, ta ce wake kowa na shanya shi, mu ma a bakin kwaltar hanyar Kance muke shanya namu tun tana amarya, kuma ta yafe duniya da lahira. Direban kamyon ma ai kai da kanka ka gaya wa Kawu ta waya a ce wa jandarma mun yafe, ƙaddara ce. Ban ga laifinka ba, haka Baba zai yi. Amma ka duba, Yaya. Mai wake ya samu yafiya, mai mota ya samu yafiya, mutum ɗaya ne ya rage a waje, shi ne kuma wanda Nasiru ya fi so a cikinsu duka.

Ina kewarsa, Yaya, kewar da ban san yadda zan faɗa ba. Da safe in zan tafi lakwal nakan bi ta gaban rumfarsa, har yanzu bakina yakan buɗe zan ce masa ya duba mini tayar babur. Shi ne mai cinye mini ƙosai in na juya baya, shi ne mai kirana Madan Bulala a gaban ɗalibaina. Tun yana ƙarami ba ya iya tafiya ya bar wani a baya, ko akuya ce ta maƙale a shinge sai ya tsaya. Kuma na tuna wanda ya koya masa keke. Baƙin keken Baba ne, a filin bayan masallaci, ƙafarsa ba ta kai feda ba. Wani yaro mai taurin kai ne ke bin sa da gudu, hannunsa a bayansa, yana cewa kada ya ji tsoro yana riƙe da shi. Ranar da ya faɗi ya fasa haɓa, wannan yaron ne ya sha dukan Baba, washegari kuma ya sake fitowa da shi. Sa hannu a bayan mutum ba a ƙungiya Nasiru ya koyo shi ba, a gidanmu ya koya, a wurinka.

Bari in faɗi abin da ba wanda zai gaya maka sai ni, tunda ni ce mara kunyar gidan. Na san abin da ke cinka. Kai ka saya masa keken tseren nan a can, ka aiko da shi a saman buhunan goro, kuma Ibrahim ya gaya wa Kande cewa tun ranar ba ka barci, kana ta maimaita cewa da ba ka saya ba. To, ka ji daga gare ni, ba abin da aka taɓa ba Nasiru a duniya da ya faranta masa rai kamar keken nan. A ɗaki yake kwana, Asma'u har tsokanarsa take yi wai keken ne mai gidan, su baƙi ne. Duk wanda ya yaba sai ya ce yayansa na Fatakwal ne ya aiko masa. Ba kai ka kashe shi ba, kamar yadda Iya ba ta kashe shi ba, Khalifa ma haka. Kwanansa ne ya ƙare a wannan gangaren. Ina ganin zafin ne ya yi maka yawa ka rasa inda za ka sauke shi, ga kuma bidiyo ya kawo maka mutum yana cewa a sauke a kansa.

In akwai mai haƙƙin riƙe Khalifa a zuciya, ai Asma'u ce, ita aka bari da marainiya. Sakina ta yi kwanaki ba ta iya shiga ɗakinta, in ta kawo abinci sai ta ajiye a bakin ƙofa ta juya. Rannan Asma'u ta kira ta, ta kama hannunta ta zaunar da ita a kan tabarmarta. Ina wurin. Ta ce mata ita mijinta ya tafi, ba rantsuwar da za ta dawo da shi, kuma ba ta ga abin da za ta ƙaru da shi ba in gidan nan ya tashi da mata biyu marasa miji maimakon ɗaya. Ta ce abin da ke cikin Sakina shi ne ɗan da Nasiru ya ba da ransa don ya taso da uba, don haka kada a mayar da shi maraya da ubansa a raye. Suka rungume juna suka yi ta kuka, ni ma na taya su. Asma'u ce ta ce in rubuta maka, ta ce in gaya maka ita ta yafe, in ma akwai abin yafewa.

Na san za ka ce ai ka riga ka rantse. Na je wurin Malam Abdulƙarim na tambaye shi, ban ambaci suna ba, ko da yake duk garin nan ba wanda bai san sunan ba. Ya ce wanda ya rantse a kan abu, daga baya ya ga barinsa ya fi alheri, to ya yi abin da ya fi alherin ya yi kaffara, ya ciyar da miskinai goma. Ya ce rantsuwar da za ta yanke zumunci ba abin riƙewa ba ce. Ka ga ke nan ƙofa a buɗe take. Ga gero a rumbu, ga ni ga Kande, mu za mu daka mu dafa mu kai, kai niyya kawai za ka yi. Ba wanda zai ce Abdulrazak ya yi magana biyu. In ma wani ya faɗa ka turo mini shi, na fi shi baki.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna na rubuta wannan doguwar takarda, har hannuna ya gaji. Kullum Iya ke zuba abinci da hannunta ta ce a kai wa Khalifa gindin bishiya, wani lokaci ya ci, wani lokaci kwanon ya dawo yadda ya tafi. Shekaran jiya Kawu ya zo ana shirin arba'in, ana maganar inda za a shimfiɗa wa maza da inda mata za su zauna. Sai Iya ta ce ita a kai tabarmarta waje. Kawu ya ce wane waje. Ta ce tsallaken hanya, gindin dogon yaro. Ta ce ɗanta babba ya rantse, ita ba za ta karya masa rantsuwa a bayan idonsa ba, ba kuma za ta sa shi ya ji kunya ba. Amma ba za a yi wa Nasiru addu'ar arba'in ba alhali wanda ya ba da ransa a kansa yana zaune a titi shi kaɗai kamar mai kuturta. In shi ba zai shigo ba, ita za ta fita, duk mai son yi mata gaisuwa ya same ta a can. Kawu ya yi ta lallashi, ya ce mutane za su yi magana. Ta ce su yi. Ka san Iya ba ta ɗaga murya, ka kuma san ba ta taɓa faɗin abu ta fasa ba. Matar da tun da aka kawo ta gidan nan ba a taɓa ganin ta zaune a bakin hanya ba, da kumburarriyar ƙafarta, abin da za ka tarar ke nan in ka sauko daga mota, sai dai in ka aiko da wata magana kafin ranar.

Ni ba na so ka tarar da haka, kuma na san kai ma ba ka so. Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Ka kira Kawu ka ce ka janye, ko ka bari in ka iso ka tsallaka hanyar da ƙafarka ka kamo hannunsa mai lafiyar ka shigo da shi. Ba sai ka yi masa magana ba, shi ma ba zai iya ba. Nasiru ya yi wa Sakina alkawari zai dawo mata da mijinta ko da turi ne. Ya tura shi iyakar ƙarfinsa, har ya kawo shi tsallaken ƙofarmu, nan hannunsa ya tsaya. Abin da ya rage faɗin hanya ne kawai, Yaya, kuma ba wanda zai iya ƙarasa masa sai kai.

Ka gaishe mini da Kawu Sule, ka ce masa Iya ta ga saƙonsa ta gode, Allah ya bar zumunci. Ka gaida Ibrahim, kada kuma ka yi masa faɗa a kan abin da ya gaya wa Kande, damuwa da kai ce ta sa shi. Ka gaida duk ƴan Matameye da ke masaukinku, waɗanda suka yi mana gaisuwa ta waya Allah ya ba su lada. Iya tana gaishe ka tana sa maka albarka, ta ce ka riƙa cin abinci. Kawu Cha'ibu, Kande, Asma'u da yara duk suna gaisuwa. Sakina ta ce in gaishe ka, ta ce in gaya maka ungozoma ta ce haihuwa ta kusa, kuma in namiji ne ita da mijinta sun riga sun san sunan da za su sa masa, suna fatan kai za ka raɗa masa shi a kunne.

Allah ya kawo ka lafiya, ya tsare hanya.

Ni ce ƙanwarka,
Basira